Kwalbar da Ba a Sa wa Dafi Ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga wadda ta goya shi, tare da maigidanki da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar gajiyar nan da kika sani, wadda ba ta taɓa hana ni fita aiki ba.

Kin ce a waya ba na faɗin komai sai "lafiya lau", don haka in riƙa rubuto miki a takarda. Na bi umarni. Kin kuma sha tambayata wai me nake yi da macizai a jami'a. Ba na taɓa maciji, Yaya. Dafinsu ake kawo mana a bushe kamar gari, cikin 'yan kwalabe da ba su kai tsawon yatsa ba. Abin da nake bincike shi ne yadda dafin ke ɓata jini.

Bari in yi miki bayani yadda ke ma za ki iya yi wa ɗalibanki. Jan da ke cikin jini a ƙunshe yake cikin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kowace da fatarta siririya, wadda yawancinta maiƙo ne. Lafiyayyar ƙwaya faffaɗa ce, mai ɗan lotsawa a tsakiya, shi ya sa take lanƙwashewa ta ratsa siraran jijiyoyi ba ta yage ba. Sabulu kuwa, gefe ɗaya nasa ruwa yake kamawa, ɗaya gefen maiƙo. Idan ya sami ƙwayar jini sai ya kutsa cikin fatarta, ta dunƙule kamar ƙwallo, ta huje, jan ya tsiyaye. Dafin gamsheƙa ma nan yake kai ta, amma ta wata hanya: akwai wani sinadari a cikinsa da ke daddatsa maiƙon fatar, guntayen da ya datsa su koma yin aikin sabulu. Wato da jikin ƙwayar ake ƙera abin da zai narkar da ita.

Ganin wannan da ido ba wuya. Ina zuba ƙwayoyin cikin ruwan gishiri, in raba a kwalabe, in sa wa wasu dafi, in bar ɗaya babu. In ajiye su a akwatin ɗumi, daga baya inji ya jujjuya su. Inda ƙwayoyin ba su fashe ba, sai su kwanta a ƙasa, ruwan sama ya yi garau. Inda suka fashe, ruwan ya rine gaba ɗaya.

Kwalbar da ba a sa wa dafi ba ita ce shaida, dole ruwanta ya fito fari. Tawa tana fitowa da ɗan ja. Sakamakona kuma ya nuna dafi kaɗan, ƙasa da abin da littattafai suka ce, yana fasa jini. Farfesa, shugabar sashenmu, ta sa wani abokin aikina da muke kira Dogo ya maimaita gwajin a teburinsa, da jinin da shi yake aiki da shi. Shaidarsa ta fito fara tas, sakamakonsa ya yi daidai da na littattafai. Sai ta ɗiga ruwan kwalbata a gilashi ta duba a madubin gwaji mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ta ga ƙwayoyin a dunƙule, irin yadda sabulu ke mayar da su. Ta ɗago kai a gaban kowa ta tambayi wanda ke wanke min kwalabe. Na ce ni ne.

"To, ka koyi ɗauraya," in ji ta.

Tun daga ranar Dogo yake kirana Mai Kumfa, ɗalibai kuma suna murmushi idan na tsaya a wurin wanki.

Kwamiti zai zauna a ƙarshen zango. Idan ya yanke cewa sabulu ne ya gurɓata aikina, za a zubar da duk abin da na tara tun zuwana, ba za a sabunta min aiki ba. Sana'armu kuma ƙarama ce. Wanda aka sani da ƙazanta a sashe ɗaya, an san shi a ko'ina.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jinina ne. Na tsaya kan jinin mutum ɗaya domin kada bambancin mutane ya rikita sakamako, mutumin da na fi samu cikin sauƙi kuwa ni ne. Na shiga cikin masu sa kai, nas take ɗiba, ta liƙa lamba maimakon suna kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Kullum jinina nake kallo yana fashewa, na kuma rasa dalili.

Kada ki damu fiye da kima. Ina dai so ki sani ne.

Ƙaninki.

*

Auta,

Wa alaikas salam. Kowa lafiya. Yara sun ce a gaida kawunsu na macizai. Ni ce dai nake fama da wani ciwo a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, musamman in na ci abu mai maiƙo, amma makaranta ba ta barin mutum ya saurari ciki.

Na karanta wa maigida takardarka da ƙarfi. Da na zo wurin da ka ce jininka yana fashewa, sai da mutumin nan ya ajiye kofinsa. Auta, ka faɗa min gaskiya: dafin nan a jikinka kake sawa? Ko wani maciji ya sare ka kana ɓoyewa? Na san ka. Da kana yaro ka yini da ƙaya a ƙafa ba ka ce uffan ba, sai da na ga kana ɗingishi. Mutum ya cika shafi yana ba ni darasi a kan sabulu, sai a can ƙasa ya ce jininsa na fashewa, sannan wai kada in damu.

Kuma wa ya ce ka riƙa ba su jini? Kai da ko hawa bene sai ka tsaya ka huta? Duk jami'ar nan an rasa mai ƙiba?

Zancen ɗauraya kuwa, ka yi haƙuri, na yi dariya har da hawaye. Ka manta lokacin da Inna ta ɗora maka wanke-wanke, muka yi ta shan ruwa mai ɗanɗanon sabulu har ta karɓe soson da kanta? Wannan Farfesa taku da a gidanmu ta tashi, da tuni ta gane mai laifi ba sai da madubi ba.

Ga shawarata. Malamin kimiyyarmu zai yi ritaya, ni ce kuma shugabar makaranta. Idan sun ce ba sa so, ka tattaro littattafanka ka dawo. Ɗakin baƙi yana nan, ba macizai, ba kwamiti, wanke-wanke kuma na ɗauke maka har abada.

Ka ba ni amsa a kan jinin nan da wuri.

Yayarka.

*

Yaya,

Na gode da gaisuwa. Allah ya ba ki sauƙi. Ki ga likita.

Ba na sa dafi a jikina. A kwalba jinin ke fashewa, bayan an ɗiba. Ina tsammanin na rubuta hakan a fili.

Tun bayan waccan takarda na gwada sababbin kwalabe da ba a taɓa wankewa ba. Na canza ruwan gishiri, na canza komai da hannuna ke taɓawa. Jan bai tafi ba. Farfesa ta ce ke nan sabulun yana wani wuri da ban duba ba.

Ban yi zaton za ki riga kwamiti yanke hukunci ba, har ki tanadar min wurin komawa. Na gode da ɗakin baƙi.

Aiki ya yi yawa. Mai yiwuwa in jima ban rubuto ba.

Ƙaninki.

*

Auta,

Sallama da fatan kana lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani. Na kira ba ka ɗauka ba, na aika saƙo ka amsa da kalma ɗaya. Maigida ya ce in ƙyale ka, wai fushin masu shiru ba ya son a taɓa. Na ƙyale har na gaji.

Abin da na rubuta a kan wanke-wanke wasa ne, irin wanda nake yi maka tun kana rarrafe. Ban taɓa ɗauka kai ƙazami ba ne. Kai da kake goge takalmi kafin ka shiga da shi akwati? Ɗakin baƙi kuma ba hukunci ba ne, tsoro ne ya sa na faɗa. Idan ya yi maka ciwo, ka yafe min. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba, don har yanzu ni ce babba.

Yanzu ga labarin da fushinka ya hana ka ji. An yi min aiki. Ciwon gefen nan ya kayar da ni a tsakiyar taron malamai, aka kwashe ni zuwa asibiti. Tsakuwa ce a madaciya, aka cire madaciyar gaba ɗaya. Na farfaɗo, ina gida, ina tafiya a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa. Kada ka taso, ba abin da za ka yi min da ba a yi ba.

Likitan da ya yi aikin ya kawo min tsakuwoyin a roba, ƙanana baƙaƙe, ya ce ba irin waɗanda ya saba cirewa ba ne. Ya ce kuma saifata ta yi girma. Sai ya ja fatar idona ƙasa ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni tun yaushe farin idona yake da rawaya haka. Na ce tun da na san kaina. Ya ce wa kuma yake da shi a dangi? Na ce Inna, da kakanmu na wajenta, da ƙanina, da ɗaya cikin yarana. Na ce masa likita, wannan ba ciwo ba ne, idon gidanmu ne. Wasu gidajen wushirya suke gado, mu wannan muka samu. Ni na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce in na warware in dawo a yi wasu gwaje-gwaje. Ka san likitoci, in suka kama mutum ba sa son saki.

Amma ya tuna min da Inna. Ka yi ƙanƙanta lokacin, ba lallai ka tuna ba. Gefen cikinta na hagu tauri gare shi, takan sa in taɓa. Duk zazzaɓin da ya zo gidan, kowa ya tashi, ita sai ta daɗe a kwance idonta kamar an shafa kurkur. Ana ta ba ta maganin ciwon shawara, ana cewa ba ta da ƙwari.

To, ka ga dai ban mutu ba. Ka rubuto, ko da zagi ne. Yaushe kwamitin naku zai zauna?

Yayarka, wadda ba ta da madaciya yanzu, don haka ba ta iya riƙo.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne. Ban kyauta ba da na bar ki kika shiga ɗakin tiyata ban sani ba. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba, kin san ba na iyawa, amma na ji kunya. Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da ɗawainiya.

Ki zauna kafin ki ci gaba, kuma wannan karon ki karanta har ƙarshe kafin ki karanta wa kowa.

Da safe takardarki ta same ni a ofis. Da na gama sai na je wurin wanki, inda akwai wani tsohon madubi a bango, na ja fatar idona ƙasa. Kullum ina ganin idon nan, amma ban taɓa duba shi ba. Na koma tebur, na ɓare sabon kwalin gilashi, na huda yatsana, na ɗiga jini kai tsaye. Bai bi ta kwalba ba, bai taɓa ruwan gishiri ba, bai haɗu da komai da aka taɓa wankewa ba.

Na duba a madubin gwaji: a dunƙule ƙwayoyin suke, Yaya. Ba duka ba, amma da yawa: ƙanana, cike, ba lotsawa a tsakiya. Haka suke fitowa daga jikina.

Abin sananne ne a littattafai, gadonsa ake yi. Fatar ƙwayoyin ba ta da ƙwarin riƙe kanta, sai ta riƙa zubar da guntaye har ƙwayar ta dunƙule. Dunƙulalliya ba ta iya lanƙwasa, sai saifa ta kama ta ta rushe. Shi ya sa saifar ke girma. Abin da ya rage daga rushewar shi ke rina ido, shi ne kuma ke taruwa ya zama baƙar tsakuwa. Irin wannan ƙwaya, in an ajiye ta a ɗumi ta daɗe, fashewa take yi da kanta, ba sai da dafi ko sabulu ba. Na karanta wannan ina ɗalibi, na zana hotonsa a jarrabawa, na ci. Ko sau ɗaya ban haɗa shi da gidanmu ba, domin a gidanmu ba ciwo ba ne, kamanni ne. Da nas ta tambaye ni ko ina da lafiya na ce ƙalau, da zuciya ɗaya kuwa. Ta auna yawan jinina ta ga ya kusa daidai, saboda ɓargo yana ta ƙera sababbi yana cike giɓin.

Sai dai gilashi ɗaya ba hujja ba ce, musamman daga hannun wanda ake tuhuma. Na je wurin Farfesa na faɗa mata lambar da ke kan jinin nan tawa ce, na faɗa mata abin da nake zato. Ta ce ta sha ganin masu bincike suna samo dalili mai kyau ana gab da zaman kwamiti. Ban ji haushi ba. Ni ma da haka zan ce. Na roƙi a yi gwajin a gaban kwamitin, da jinina da na wasu, Dogo ya yi komai da hannunsa, ni ko kusa da teburin kada in je. Ta tambayi abin da zai faru in shaidata ta fito fara a hannun Dogo. Na ce a ranar zan ajiye aiki, ba sai an kore ni ba.

Ta amince. Sati mai zuwa ne.

Ban tabbata ba, Yaya. Irin namu mai sauƙi ne, yana iya ƙin nuna kansa a ranar da ake buƙata. Amma ko yaya ta kaya, ki koma wurin likitan nan, ki tafi da yaran duka. Mutumin ya san abin da yake tambaya.

Ƙaninki.

*

Auta,

Na karanta har ƙarshe, ni kaɗai, sannan na rufe ƙofa na yi kuka. Ba don kai ba, ba don ni ba. Inna ta rayu ta mutu ana ce mata raguwa, har 'yan uwan Baba suna cewa tana fakewa da ciwo don kada ta yi aiki. Ni kaina na taɓa faɗa a raina.

Mun je asibiti, an ɗebi jinin kowa, sai jiran sakamako. Maigida ya ce a ɗebi nasa ma, wai kada a bar shi a baya. Likita ya ce masa ba a ɗauka ta aure.

Wa ya aike ka yin alkawarin ajiye aiki? Shekara da shekaru ba ka magana, rana ɗaya ka buɗe baki sai ka jinginar da wuyanka. To, ka riga ka faɗa. Ranar nan ka ci abinci kafin ka fita. In an tambaye ka, ka ɗaga murya, kada ka yi musu maganar nan taka ta cikin maƙogwaro. Ina maka addu'a, yara ma na sa su.

Ka rubuto min komai dalla-dalla, har wanda ya yi tari.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata ɗinkin ya kame, kin fara miƙewa. Ni lafiya lau, kuma yau kalmar tana da ma'ana.

Kin ce dalla-dalla, ga shi.

Ranar farko kwamiti ya taru a ɗakin gwaji. Nas ta ɗebi jinin mutum uku: ni, da Farfesa, da shugaban kwamitin, wani dattijo masanin magunguna wanda ya ce tunda ya zo kallo bari ya biya kuɗin shiga. Ta shiga wani ɗaki ta liƙa lambobi, ita kaɗai ta san na wane ne wane. Dogo ya ɓare sababbin kwalabe a gaban kowa, ya haɗa ruwan gishiri da kansa. Kowane jini ya raba shi: kwalba ɗaya babu komai, ɗaya da dafi kaɗan, ɗaya da dafi mai yawa, ɗaya da ɗigon sabulu don a ga iyakar fashewa. Ni aka ba ni kujera kusa da ƙofa. Na sa hannuwana a aljihu, ban fitar ba har aka kulle akwatin ɗumi, dattijon ya tafi da mabuɗi.

Sai jira. Ba zan ɓoye miki ba, a tsakani na tattara littattafaina a kwali. Na ga in za a yi tafiya, gara a yi ta cikin tsari.

Ranar buɗewa ɗakin ya cika, har da ɗaliban da ba a gayyata ba. Dogo ya sa kwalaben a inji. Ƙarar injin nan na saba da ita kamar numfashina, amma ranar sai na ji ba ta da niyyar ƙarewa. Da ya tsaya, ya fara jera su a gaban farar takarda.

Masu sabulu duka sun rine, kamar yadda ya kamata. Masu dafi mai yawa ma haka. Sai ya ɗauko shaidu. Ta farko garau. Ta biyu garau. Ya ɗago ta uku, hannunsa ya tsaya a sama.

Ja ce, Yaya. Ba ɗan ja na gardama ba. Daga bakin ƙofa na hango shi.

Masu dafi kaɗan kuwa, biyu ko gezau ba su yi ba, ta ukun ta rine kusan kamar mai sabulu. Dattijon ya juya wurin nas ya tambayi mai lamba ta uku. Ta nuna ni da haɓa.

Farfesa ba ta yarda da ido kawai ba, kuma na girmama ta a kan haka. Ta sa aka huda yatsana a gabanta, ta shafa jinin a sabon gilashi da hannunta, ta zauna gaban madubin gwaji. Ta daɗe. Ta tashi ta ba dattijon wuri, shi ma ya duba, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana ɗalibi.

Sai ya tambaye ni, to yanzu me za a ce game da sakamakona na baya? Na tuna umarninki na ɗaga murya. Na ce abin da na rubuta ba daidai ba ne a kan yawancin mutane, dole a gyara, ni zan fara gyarawa. Amma daidai ne a kan mutane irina. Dafin da bai isa ya taɓa jininsa ba ya narkar da nawa a kwalba. Ko haka abin yake a jikin mutum, ban sani ba tukuna, ba kuma zan faɗi abin da ban auna ba. Na ce masu irin wannan jini suna nan a gonaki da makarantu, da yawansu ba su san suna da shi ba, tunda ni da nake kallon jini kullum ban sani ba. Idan maciji ya sari ɗayansu, ya kamata a san ko yana buƙatar kulawa ta daban.

Farfesa ta matso, ta tsaya daidai inda ta tsaya a wancan karon, ta fuskanci ɗalibai.

"A gabanku na zarge shi, a gabanku zan janye," in ji ta. "Ƙwayoyin nan na gani da idona, na ba su fassarar da ta fi kusa da hannuna. Aikinsa mai tsabta ne. Da ba mai tsabta ba ne, da bai riƙa samun amsa ɗaya kullum ba."

Na so in ce wani abu mai nauyi. Abin da ya fito shi ne "na gode". Ina ganin ya isa.

Kwamiti bai ko fita shawara ba. An sabunta min aiki. Ba a zubar da komai ba. Duk abin da na tara ya zama kashi na farko na sabon bincike, wanda ni zan jagoranta, tare da likitocin jini na asibitin jami'a. Sun riga sun gwada ni sun tabbatar. Sun ce nawa mai sauƙi ne, sun ba ni ƙwayar magani mai taimaka wa ɓargo, sun kuma hana ni ba da jini sai ɗan abin da bincike ke buƙata. A nan kin yi gaskiya tun farko, ki rubuta ki ajiye, don ba kullum zan faɗa ba. Idan sakamakonku ya fito ki aiko min. Kada ki tsorata yaron da aka samu da shi. Ki ce masa kawunsa ma haka yake, ga shi kuma yana cin tuwonsa da shi. Inna kuwa, duk wanda ya sake ce mata raguwa a gabanki, ki turo min shi, yanzu ina da abin nuna masa.

Sabon aikin yana buƙatar jinin mutane da yawa marasa wannan gado, don a kwatanta. Na liƙa sanarwa a ƙofa ina neman masu sa kai. Washegari da safe ina mayar da littattafaina kan kanta, sai na ji an ƙwanƙwasa. Dogo ne, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, fuskarsa ba walwala. Ya ce ya zo a fara da shi. Na ce nas ba ta iso ba. Ya ce ya sani, zai jira, in ya koma ofis ba lallai ya iya dawowa ba. Ya zauna a kujerar ɗibar jini, ya juya fuska bango, ƙaton mutum yana zufa.

"Malam," ya ce, "in na suma, don Allah kada ka faɗa wa ɗalibai."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, duk sashen nan ba wanda ya kai ni iya yin shiru.

Ki gaida kowa. Zan zo hutu in ga tafiyar taki da idona.

Ƙaninki.